Yadda Kotu Ta Dawo Mini da Saratu

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata firamare a nan Daura. Ku gafarce ni idan muryata ta tashi, don har yau in na tuna abin nan raina tafasa yake.

Tarin fuka ya kama ni, na rame har zani ba ya zama a ƙuguna. Ina kwance mijina Ishaya ya kai ƙara a raba aurenmu. Kotu ta raba, ta ba shi riƙon 'yarmu Saratu saboda rashin lafiyata, ta ce in riƙa ganinta duk ƙarshen mako. Ban yi musu ba. Ni kaina tsoro nake kada in sa mata cutar.

Ubangiji ya tashe ni, likita ya ce na warke sarai. Amma kafin nan an yi wa Ishaya canjin wurin aiki zuwa Baure, ya ɗauki yarinya ya ajiye wurin yayarsa, ko sallama babu. Na hau mota na je. Yayar ta tare ƙofa.

"Ke mai tofar da jini? Ba a gidan nan ba."

"Yaya, na warke. Kotu ma ta ce in riƙa ganinta."

"To je ki kotun ta nuna miki ita."

Daga cikin motar dawowa na hango Saratu a bakin tasha da farantin gyaɗa a ka, sa'o'inta suna aji. Ni malama, 'yata tana talla.

Na kai kuka wurin dattawan ikilisiya. Zan faɗa a gabanku, abin da na samu shi ne, "Ki yi haƙuri, mai bi ba ya kai ɗan'uwansa kotu." Da Ishaya ya kai ni ina kwance, wa ya tuna masa da wannan?

Wata rana bayan an tashi daga makaranta na shigo majami'ar nan, ba kowa, na durƙusa. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ubangiji, don me ka warkar da ni? Don in zauna ina kallo ana lalata mini ɗiya?" Na yi ta yi har murya ta dishe. Da na miƙe, fushin yana nan, amma tsoron ya tafi.

A ƙofar gida na tarar da maƙwabciyata, Hajiya Binta. Ta dubi idona ta ce, "Malama, alƙali a kan marar lafiya ya yanke hukuncinsa. Yau ke marar lafiya ce? Mu ma a kotun Shari'a, in hali ya canja komawa ake yi."

Na koma kotun da ta raba mu, riƙe da takardar likita. Ishaya ya rantse yarinya tana karatu. Alƙali ya ce, "A wace makaranta?" Sai ya hau kame-kame. Aka sake hukunci: riƙo ya dawo hannuna, shi ya riƙa ganinta lokacin hutu.

Kuna tsammani ya kawo ta? Aike ya yi mini wai mai ƙarfi ya zo ya ɗauka. Na sake komawa. Kotu ta tura ma'aikacinta da ɗan sanda har Baure.

Da aka kawo ta na buɗe hannu. Saratu ta ja baya, ta toshe hanci da gefen rigarta.

"Gwaggo ta ce in na shaƙi numfashinki mutuwa zan yi."

Wannan kam ban gama yafewa ba. Ba zan tsaya a ɗakin Allah in yi ƙarya ba. Ku sa ni a addu'a.

Amma ga ta can cikin 'yan mawaƙa, ta koma makaranta, kuma yanzu sai ta ɗora kai a ƙirjina take barci. Na gode wa Yesu!

'Yar'uwa, in an yanke miki hukunci kina ƙasa, ki dogara ga Ubangiji. In ya tashe ki, kada ki bari kowa ya ce ki ci gaba da kwanciya. Amin.