Keken Inna da But ɗin Mota

A bencin wurin wankin mota, wani malamin makaranta ya ƙura wa wata ƙaramar mota mai ƙofa a baya ido. Da ya kasa haƙuri, sai ya juya ga saurayin da ke gefensa.

"Samari, taka ce?"

"A'a, Malam. Jarida ce ta ba ni, in yi shekara ina tuƙa ta, in rubuta halinta."

"Ikon Allah! Wannan ma aiki ne? To, me ka gano?"

"Ba ta shan mai, birkinta na ci, amma ba ta son rami."

"Keken guragu fa, yana shiga but ɗinta? Irinta nake son saya saboda mahaifiyata. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta ba ta ga ƙanwarta ba."

Saurayin ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban taɓa gwadawa ba."

"To me kake sakawa a ciki?"

"Jakata."

"A kujerun baya fa?"

"Ba kowa."

"Ka yi shekara da motar iyali kai kaɗai, sannan ka gaya wa masu iyali halinta? Ai yawo ka yi, ba gwaji ba."

Saurayin ya juya makulli a hannu.

"Malam, gidanku da nisa?"

"Ba nisa."

"Mu je mu gwada keken."

Malamin ya miƙe. "Keken kaɗai? Har da mai shi za mu ɗauko. Ka ja kujerar gaba baya. Inna ba ta iya naɗe gwiwa."