Ragon Karamar Da Aka Yanka Wa Mai Lafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Sharafaddeen. Limamin masallacinmu, Malam Ishaku. Likitata, Diktora Ghada, wadda ta baro aikinta a Khartum ta tsallako gada domin mu. Ubana a sana'a, Usɗa Jatau, da dukan 'yan warsharmu ta gyaran motoci da suka wanke hannu da sabulu har sau uku saboda wannan taro. Iyayena maza da ke gaba, da iyayena mata da ke can ɓangaren tabarmi. 'Yan'uwana samarin unguwarmu ta Alsawra, waɗanda suka zo sauraro da waɗanda suka zo don an ce akwai shayi: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau. Ina gode wa shugabanninmu da suka kafa wannan rumfa, da matan da suka tashi tun hantsi suna hura gawayi. Ina kuma neman afuwarku a kan abu guda tun kafin in fara. Kun san a wannan zamani mutum goma ba sa zama ƙarƙashin rumfa sai da takarda mai hatimi. Da aka miƙo mini takardar neman izinin, a gurbin dalilin taro, hannuna ya rubuta “lafiyar mata”. Wato mutumin da ya tara ku don ya hana ku jin kunya, kunya ce ta hana shi rubuta sunan cutarsa. Ku san irin malamin da kuka samu tun yanzu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Dauda, ɗan marigayi Adam da Hajja Barakatu. Kakannina sun yi noman auduga a Jazira, ni kuma na ƙare a ƙarƙashin manyan motoci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Shekarata talatin da ɗaya. Ina da ciwon daji na nono, wanda likitoci ke kira saraɗan assadi. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, na ga wasu suna cije leɓe. Ku saki dariyarku, ya jama'a, ba zan yi fushi ba, don ni ma ranar da aka gaya mini sai da na waiwaya in ga ko da wata ake magana a bayana. Sai dai ku sani ban zo nan a matsayin wanda ya warke ba. Har yanzu raina ake nema wa ceto, kuma abin da ya kawo ni shi ne in gaya muku yadda na yi wasa da shi.

Magana ta farko, labarin wautata.

Shekara uku da suka wuce, ina wanka, na ji wani ƙulli a bayan kan nonona na hagu, ƙarami kamar ƙwallon dabino, mai tauri, ba ya ciwo. Nan take na gano dalili, don mu makanikai ba ma rasa dalili. Na ce sufana ce da nake sakawa a aljihun gaba take gugar wurin. Na mayar da sufanar aljihun dama, na ɗauka na gama magani. Wata biyu, ƙullin yana nan, har ya ƙara ƙiba.

Sai na shiga neman bayani irin na ɓarawo. Akwai shirin lafiya a rediyo ranar da wata likita take bayanin wannan cuta. Na rage murya na manna rediyon a kunne, da na ji motsin mutum sai in murɗa zuwa labarin ƙwallo. Na shiga kantin magani a kasuwar Omdurman, nesa da unguwarmu, na ɗauki takardar wayar da kai, na ce wa mai kantin ta mahaifiyata ce, alhali bawan Allah bai tambaye ni ba. Na ɓoye ta a cikin littafin kayan gyara, na karanta ta kwance ƙarƙashin lori. Duk alamar da aka lissafa ina da ita. Amma hoton da ke jikin takardar na mace ne da lulluɓinta, muryar rediyo da mata take magana, ni kuma ga gashin baki. Na tambayi kaina, wa zan tambaya? Usɗa? Abokan shan shayi, waɗanda in ka yi tuntuɓe sai sun shekara suna kiranka da shi? Ban san namiji ko ɗaya a Omdurman da Khartum da Bahri da ya taɓa ambaton irin wannan abu ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ya jama'a, kunya kuma ta fi tsoron ƙarfi.

A nan ne basirata ta kai ƙarshe. Na kira ƙanwata Ni'mat, ga ta can zaune, na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Na ce ta je asibiti a madadina, ta zauna a layin mata, ta gaya wa likita duk abin da nake ji kamar ita ke jinsa, ta kawo mini amsa. Na koya mata bayanin yadda ake koya wa mai shaidar zur: ɓangaren hagu, mai tauri, ba ya ciwo.

Ta ce, “Yaya, in ta ce in buɗe ta duba fa?”

Na ce, “Ki ce kina jin kunya.”

Ta ce, “Yaya, likitar mace ce.”

Na ce, “To ki bari ta duba. Ai uwa ɗaya uba ɗaya muke, jini ɗaya ne.”

Wallahi da bakina na faɗa, kuma a ranar ina ganin babu mai kaifin tunani irina a Alsawra.

Ni'mat ta hau hafila, motar haya, ta tafi. Diktora Ghada, wannan da ke zaune a gabanku, ta duba ta da kyau ba ta sami kome ba, don babu abin da za a samu. Ta ce mata wataƙila irin kumburin nan ne da ke zuwa wa mata da al'ada ya tafi da ita, in ta sake jin wani abu ta dawo ba tare da jinkiri ba. Ni'mat ta dawo ta isar da saƙon duka, har ta roƙe ni da hawaye in je da kaina. Ni kuwa na tsinci rabin da ya yi mini daɗi na bar sauran. Na zauna, ƙato da ni, ina jiran al'ada ta zo ta tafi da ƙullina.

Ashe wata maƙwabciyarmu ta ga Ni'mat a kan bencin asibitin. Kafin yarinya ta sauko daga hafila labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da mahaifiyarmu tana kuka a tsakar gida, mata sun kewaye ta. Ni'mat ta riƙe rantsuwarta, ta ce an duba ta, lafiya lau. Hajja ta ɗaga hannu sama ta ce sai an yanka karama, ragon godiya da muke yankawa in Allah ya tsamo namu daga halaka. Wa ye namijin gida? Ni. Ni na je na zaɓo ragon, ni na riƙe shi aka yanka, ni na tsaya a kan gawayi ina juya nama. Da yawanku kun ci, ina ganin fuskokinku. Kowa ya zo ya dafa kafaɗata, ta hagun ma, ya ce, “Alhamdu lillahi da lafiyar Ni'mat.” Ni kuma in ce, “Allah ya ba ka lafiya.” Unguwa guda ta taru tana murnar warkewar mai lafiya, marar lafiyan yana raba gishiri da barkono. Na ci naman nan har na ƙara, kuma ya yi daɗi.

Wata goma sha huɗu na yi a haka. Kan nonon ya shige ciki, na ce rama ce. Wani ƙulli ya fito a hammata, na ce kaluluwa ce. Na daina cire riga a warsha ko da zafi zai kashe ni. Sai wata rana muna ɗaga giyar wata babbar mota, hannuna na hagu ya ƙi tashi, Usɗa Jatau ya ga jini a gaban rigata. Ya ja ni bayan shago ya ce in buɗe. Na buɗe, na kuma ba shi labari duka, har da na Ni'mat. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, shekara goma sha biyu kana hannuna. In injin motarka ya yi ƙara, motar ƙanwarka kake kawo mini in duba?”

Ya rufe warsha da rana tsaka, ya sa ni a mota. A asibiti benci ɗaya ne, mata kusan talatin a kai da tufafinsu masu launi, ni na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani. Usɗa, dattijo mai furfura, da kayan aikinsa baƙi ƙirin, ya wuce ya yi sallama ya zauna a tsakiyarsu, ya buga benci da tafin hannu ya ce, “Zo nan.” Wata tsohuwa ta tambaye shi matarsa ya kawo? Ya ce, “A'a, ya Hajja, ɗana na kawo.” Ta matsa mini wuri, ta miƙo mini dabino. Abin da na gudu wa fiye da shekara ke nan, ya jama'a: tsohuwa da dabino.

Aka yi aiki aka cire nonon da abin da ke hammata. Aka yi mini kimawi, maganin nan da ake ɗurawa ta jijiya, ya aske mini gashin bakin da nake taƙama da shi, kyauta. Ranar da Ni'mat ta kawo mini abinci, Diktora ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Ashe kai ne wannan yarinyar?” Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Magana ta biyu gajera ce, kuma daga bakin Diktora na ɗauko ta, tana nan za ta gyara mini. Namiji yana da nono, ko da ba ya shayarwa, kuma ciwon yana kama shi. Ba yawa, amma yana kamawa, kuma ba ya jiran ka tsufa. Ƙulli mai tauri da ba ya ciwo, kan nono da ya shige, jini ko ruwa, kumburi a hammata: wanda ya ga ɗaya ya tafi asibiti a makon. Wanda cutar ta taɓa kama mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa ya ƙara kula. Ba mayu ba ne, ba raunin mazantaka ba ne, ba ya yaɗuwa ta kwanon abinci. Ku yi addu'a, Malam Ishaku ma cewa ya yi a yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Magana ta uku roƙo ce. Ban zo neman taimakon aljihu ba. Ina neman maza biyar da za su yi abin da Usɗa ya yi mini, su raka saurayi su zauna da shi a bencin nan, don zaman ya fi allura wuya. Ina roƙon masu ilminmu su rubuta takarda da Larabci mai sauƙi, a sa hoton namiji a jiki, a liƙa a warsha da wurin aski da ƙofar masallaci. In an rasa mai ba da hoto ga nawa, ai ba sauran abin da zan ɓoye. Kuma kowace Alhamis bayan la'asar ina zaune a harabar masallaci. Wanda ke da tambaya ya zo, ko da zai ce abokinsa ne ya aiko shi. Na san irin wannan abokin, ba zan tona shi ba.

Sai ke, Ni'mat. Fiye da shekara mata suna kallonki da tausayi, suna raɗa in kin wuce, kin haɗiye ba ki fasa rantsuwa ba. Ina shaida wa wannan taro cewa ba ki taɓa ciwon nan ba, yayanki ne ya ɗora miki kayansa. Ki yafe mini, ƙanwata. Hajja, ke ma ki yafe mini.

Ya jama'a, na ce muku ban warke ba. Makon jiya aka ɗauki hoton bayana, aka ga abin ya taɓa ƙashi. Na tambayi Diktora, da na zo da wuri fa? Ba ta so ta amsa ba, na matsa mata. Ta ce da na zo yana ƙarami, da mai yiwuwa aiki ɗaya ya wadatar, da yanzu zancen aure muke yi. Yanzu zancen da muke yi shi ne yadda za a riƙe shi, wata bayan wata. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba, kuma ina son rayuwa ƙwarai. Wata goma sha huɗun nan ba wanda ya ƙwace mini su, ni na ba da su don kada a yi mini dariya. Ga shi yau kun yi dariyar, ni ma na taya ku, ba ta ɗauki ko rabin sa'a ba.

Don haka, samari, kowa in ya shiga wanka gobe ya sa hannu a ƙirjinsa. In ya ji wani abu, ya tafi da ƙafarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya saka wa masu jinya, ya ƙara wa likitocinmu haƙuri da irinmu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya raya zuriyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Ni kuma ku sa ni a addu'a, da sunana da sunan cutata, kada ku sakaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.