Kwale-kwalen Da Ba Ya Barin Ɗaki

Tunkiyar Inna aka kai kasuwar Gwaram aka sayar, da kuɗinta na hau mota. Kai Nura, matso nan, tunda kai ne mai zumuɗin Abuja bana. Ba hana ka zan yi ba, ni ma ba wanda ya iya hana ni.

Kafin in tafi sai da na je sallama wajen Kawu Ilu, ƙanin Inna. Gonar da nake nomawa a bayan Basirka tasa ce, aro ya ba ni tun ina saurayi. Ni na sassabe ta, ni na yi ta kai mata taki a jaki har ta zama gona. Ya ce, "Sabo, ka san ƙa'ida. In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, wani zan ba. Masu nema suna da yawa." Na ce, "Haba Kawu, ni da zan dawo tun kafin sharar gona?"

Wani mai gadi ɗan Birnin Kudu ne ya yi mini hanyar aiki a wani gida, wai shi jim. Mutum ya biya kuɗi, ya zo ya wahalar da kansa, ya yi sharkaf da gumi, ya yi godiya ya tafi. Ni kuma aikina goge gumin. Ku daina dariya, da tsummana da bokitina.

A cikin injunan akwai wani na tuƙin kwale-kwale, har na baro garin bakina bai iya sunansa na Turanci ba. Dogon ƙarfe ne da 'yar kujera mai zamewa gaba da baya. Ka ɗaure ƙafafu, ka kama sanda mai igiya, ka ja. A gabansa akwai tulun roba da ruwa a ciki, kana ja ruwan yana kaɗawa, shaa, shaa, sai ka rantse kogi kake tsallakawa. Wani ɗan allo kuma yana nuna maka nisan da ka yi, alhali kana nan inda kake.

Ran nan ina gogewa na hau na gwada. Ashe Manaja, wani Bakano mai ƙaton agogo, yana bayana.

"Kai, wa ya koya maka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ai ɗan'uwan jan guga ne."

Daga ranar ni nake nuna wa baƙi. Har na haddace karatun: "Alhaji, da ƙafa ake turawa, hannu daga baya yake zuwa. Miƙe bayanka. Yana aiki da cinya da baya da kafaɗa a ja ɗaya, ba ya cin gwiwa kamar gudu, tumbin nan ma zai sauka." Kuma wallahi injin ba ya ƙarya. Akwai wata Hajiya da take hawa bene da ƙyar, na ga ranar da ta hau ba ta dafa bango ba. Ni kaina kafaɗuna suka buɗe, haki ya bar ni.

To ruwan Abuja yana riga namu nesa ba kusa ba. Ana ta sheƙa shi ina cewa namu da saura. Kwatsam Hadiza, matata, ta bugo waya: "Malam, an yi ruwa mai yawa, kowa ya fita shuka. Kawu ya aiko yana tambayarka."

Na sami Manaja na ce gida zan tafi.

"Yanzu? Ƙarshen wata za a kawo sababbin injuna, koci zan mai da kai, mai horar da mutane, har da riga mai tambari."

"Gonata fa, ranka ya daɗe?"

"Gonar guduwa za ta yi?"

Na kira Kawu na roƙe shi ya ɗan ƙara mini haƙuri. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ni kuma na ɗauka ya yarda.

Wata ya ƙare, injuna suka iso, tare da wani mai takardar shaida da Turanci a baki. Shi aka ba rigar. Ni aka miƙo mini tsummana. Na ajiye shi, na haɗa jakata na nufi tasha.

Da na sauka a Basirka ban shiga gida ba, gona na wuce da jakata. Gero ya yi kore shar, layi-layi, a kan takin da na zuba. Ɗanjuma, surukin Kawu, yana tsaye a tsakiya da fartanya. Kawu bai ɓoye mini ba, ya ce, "Na jira ka har laima ta fara tafiya, Sabo. Me zan ce wa mutane?" Ban ga laifinsa ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ɗanjuma ya dubi kafaɗuna ya ce, "Kai, birni ya karɓe ka! Gobe ina da noma, ina neman 'yan ƙwadago, in kana so."

Gidana babu ko tiya ɗaya ta hatsi. Na je. Na riga kowa kai ƙarshen kunya, bayana ko gezau. Da la'asar ya sallame ni a bakin gonar, ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci irina ba, in dawo jibi.

Har yau, Nura, duk damina ni yake fara kira.