Kofur Ya Zauna a Gida Ko Ya Tafi Hotoro

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Shugaban wannan taro, Alhaji Maje. Mai girma Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Sabon Kansilanmu da ya taso tun daga sakateriyar Tarauni, Allah ya taya ka riƙo. Dattawan layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ma'aikatan asibiti maza da mata. 'Yan'uwana mata da ke zaune can baya a kan tabarma. Jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muryar da kuke ji ta Malam Lawan ce, sakataren ƙungiyar layi. Rubutun na Safiyyah ne, nas ɗin da katangarmu ɗaya. Amma maganar tawa ce, ni Delu, tsohuwar gidan Likita, gida mai koren ƙyaure. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla. Tunda nake ban taɓa tsayawa gaban maza na buɗe baki ba. Shi ya sa na ce a rubuta, na kuma ce wa Safiyyah yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mini. Inda na yi kuskure a yafe wa tsohuwa.

Na gode da aka ce a ji ta bakina. Lokacin soja ba mai tambayar kowa, sai dai ka wayi gari ka ji an yi. Bana an ce mulki ya dawo hannun farar hula, kowa yana da baki, har ni an kai ni na dangwala yatsa. To ga shi an ce yau ma hannu za a ɗaga a kan karen gidanmu. Wallahi tambayar nan ta fi ba ni tsoro, domin wanda ba a tambaya ba ba ya da laifi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, ga shi a taƙaice. Yaron nan, Likita, ɗan farina ne, ku yi mini afuwa ba na kama sunansa. Ya samu aiki a Saudiyya na shekara guda, wata mai kamawa zai tashi da matarsa Hafsah da yaran. Yana da kare, irin manyan nan na Turawa masu tsayayyun kunnuwa, ya sa masa suna Kofur. Ƙungiya ta roƙe shi ya bar karen a gida saboda tsaron layi. Shi kuma ya ce abin da Inna da unguwa suka yanke shi ke nan: ko a bar shi a gida a samo mai kula da shi, ko a kai shi gidan ajiyar karnuka a Hotoro. Duka biyun an taɓa gwadawa, duka biyun kuma a idona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na farko, Hotoro. Shekarar da ta wuce Likita ya tafi kwas Ibadan, mako shida, aka kai Kofur can. Wani likitan dabbobi ne yake da wurin, ya jera keji-keji a bayan gidansa, kowane kare da nasa. Ba zan yi wa mutumin ƙazafi ba, yana ba su abinci, yana yi musu allura, yana da masu wanke wurin. Amma dabba ma ta san gida. Kofur ya ƙi ci. Ranar da aka dawo da shi ina iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ɗakina, kunnuwansa duk kaska, muryarsa ta dishe saboda haushi. Ni da ba na ƙaunarsa sai da na ce wayyo.

Kuma a cikin mako shidan nan kun san abin da ya faru. Layinmu layin ma'aikata ne. Ƙarfe takwas na safe kowa ya kulle gida ya tafi asibiti ko ofis, yara sun tafi makaranta, daga ni sai kaji. Da rana tsaka aka haura gidan Alhaji Maje aka ɗauke janareta. Da rana tsaka aka shiga gidan Talatu aka fita da keken ɗinkinta a ka, kamar mai kai gyara. Tunda Kofur ya dawo ko bokiti ba a sake ɗauka ba. Saboda haka masu cewa a bar shi, ban ga laifinku ba. Na san abin da kuke tsoro. Ni ma ina tsoronsa.

Na biyu, mai kula. Da aka tafi Legas bikin ƙanwar Hafsah, aka ce wannan karon a bar kare a gida, Bello mai gadin kemis zai riƙa zuwa safe da yamma ya ba shi abinci, ya wanke wurinsa, ya zagaya da shi. Likita ya tsaya da kansa ya gabatar da su, Kofur ya shinshina shi, aka ce ai sun saba. Ranar farko lafiya. Rana ta biyu Bello ya shigo da sabuwar hula, ko ita ce ta ɓata lissafi oho, sai ga shi ya fita da gudu da rabin wando. Ya tsaya a waje yana haki. Na ce, “Malam Bello, ya cije ka?” Ya ce, “Inna, bai cije ni ba, amma ya nuna mini inda zai fara.” Daga ranar sai dai ya zo bayan katanga ya cillo ƙashi kamar mai jifan shaiɗan, ya ɗaga murya ya ce, “Inna, na ba shi!” ya yi gaba.

To ruwa fa? To kashinsa fa? Wa zai kwance shi, wa zai ɗaure shi? Kowa ya ce mai kula, mai kula, amma mai kula yana zuwa ne ya tafi, wanda yake cikin gidan shi ne mai kula na gaskiya. Kare yana kuka a ɗaure cikin rana, harshe waje, ni ina ɗaki ina jin sa. Malam Liman ya taɓa gaya mana a karatun mata cewa duk mai rai in ka shayar da shi da lada, in ka bar shi da ƙishi kuma za a tambaye ka. Sai na sami doguwar gora, na riƙa tura masa kwanon ruwa daga nesa, rabin ruwan yana zubewa. Yau gora, gobe muciya, jibi da hannu. Kafin su dawo ba ya cin abincin kowa sai nawa. Ban nema ba, ban so ba. Kwanon da ya lasa na wanke sau bakwai, har da ƙasa nake haɗawa, zanin da ya goga na cire na sake kafin salla. Ku dubi hannuwana in an tashi, duk sun tsattsage. Mata sun daina shigo mini. Wadda take son gaishe ni sai ta tsaya a ƙyaure ta ce, “Inna Delu, kina ciki? A ɗaure yake?” In na ce a sake yake, sai na ji takalminta yana nisa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Na uku shi ne wanda ya hana ni sukuni, kuma ban taɓa gaya wa yaron nan ba. Na san yana nan zaune a cikinku. Ka yi haƙuri da ka ji shi a bakin Malam Lawan, na gwada gaya maka sau uku, in na dube ka sai maganar ta koma.

A cikin tafiyar Legas ɗin, wata Talata, na idar da azahar na fito zan kwashe shanya. Sai na ga tsakar gida tana juyawa. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Da na farfaɗo ina kwance a kan siminti, rana tana dukana, ƙafata ta hagu ta ƙi motsi, bakina ya ƙi kiran kowa. Kofur a sake yake. Ya zo ya tsaya a kaina yana haushi, irin haushin da ban taɓa ji ba, ya ruga ƙyaure ya dawo, ya ruga ya dawo. Haushin nan ne ya tashi Safiyyah, Allah ya sa ranar tana hutu. Ta leƙo ta katanga ta gan ni, ta ɗauko jakarta ta asibiti, ta kira Talatu, suka zo ƙyaure. Ƙyauren a buɗe yake, turawa kawai. Suna turawa ya yi kansu. Suka ja da baya. Suka sake turawa, ya sake yin kansu.

Ina jin Safiyyah tana kuka tana cewa, “Inna, ki kira shi! Inna, ki ce masa ya zauna!” Ina jin Talatu tana cewa, “A nemo maza!” Wane maza? Duk kuna wurin aiki. Aka samo wani mai baro da wani mai faci, suka leƙo, suka ga haƙoransa, suka ce Allah ya kyauta. Shi kuma in ya kore su sai ya dawo ya kwanta a jikina ya tare mini rana, yana lasar fuskata. Ni da nake wanke kwano sau bakwai, ga fuskata a bakin kare, ba ni da hannun ture shi. Shi a ganinsa tsaro yake yi. Shi ya kira mini mutane, shi kuma ya hana su shigowa.

Tun daga azahar har aka kira la'asar ina nan. Ga nas a ƙofar gida da magani a hannu, taku goma tsakaninmu. A ƙarshe ni ce na ja ciki, ina ja ina hutawa, har gindin turke, ya biyo ni, na lalubi sarƙa na maƙala masa. Sannan suka shigo. Safiyyah ta auna ni ta ce jinina ne ya hau. Na sa ta rantse ba za ta faɗa ba, don kada a ce tsohuwa ta hana yaro neman arzikinsa. Ta riƙe amana wata biyar, Allah ya yi mata albarka. Yau na warware mata.

Jama'a, ba mutuwa nake tsoro ba, na ci shekaruna, sa'o'ina sun fi yawa a ƙasa. Abin da na yi ta tunani ina kwance a simintin nan shi ne: in rai ya fita yanzu, wa zai laƙƙana mini kalmar shahada? Wa zai rufe mini ido, ya ja mini zani? Wace mace za ta shigo ta yi mini wanka? Sai dai a nemo ɗan sanda ya harbe dabbar da ba ta yi laifin komai ba, sannan a samu a kai gare ni. Waccan tafiyar kwana goma ce. Wannan shekara ce. Na gaji. Na gaji da tsoron ɓarawo, na gaji da tsoron kare, na gaji da tsoron ranar da zan sake faɗuwa.

Ban ce a kai shi Hotoro ba, na ga yadda yake dawowa, kuma shekara ba mako shida ba ce, ƙila ma ba zai dawo ba. Ban ce a bar layi a buɗe ba, na ga hawayen Talatu a kan kekenta. Kuma kada a sake kawo mini zancen wani Bello. Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninka, roƙona ɗaya ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In layi yana son haushin Kofur, to layi ya ba ni mutum ɗaya da Kofur zai sani. Mace nake so, domin namiji ba zai yi mini wanka ba. Ta riƙa shigowa kullum tun daga gobe, kafin Likita ya tashi, ta tura masa kwano da hannunta, ta riƙe sarƙarsa, ya shinshina zaninta, ta wanke sau bakwai kamar yadda nake wankewa, har ya zama in ta turo ƙyaure ya ba ta hanya. Kada a dubi Safiyyah, aikinta ba shi da rana ba shi da lokaci, ranar ma dace aka yi. Kuma kada namiji ya ɗaga hannu a madadin matarsa, ita za ta shiga, ita za ta ɗaga. Gorar tana nan, zan ara mata ta fara da ita.

In an samu, Kofur ya zauna, ni ma na zauna, na ci gaba da abin da na saba har Allah ya dawo da su. In ba a samu ba, ba na riƙe kowa a zuciya, na san tsoron, ni na fi kowa saninsa. Sai a kai shi Hotoro, kowa ya ƙara wa ƙofarsa kwaɗo. Shugaba, kafin a ƙirga hannun maza, a juya baya a fara tambayar tabarmar mata.

Allah ya tsare mana layinmu da rana da dare. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa su tarar da mu, in kuma ba su tarar ba, ya sa mun tafi a hannun mutane. Allah ya ba sababbin shugabanni ikon riƙe amana, ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan iyayenmu. Allah ya sa mu cika da kalmar shahada, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.