Tukunyar da Ba Ta Aiki a Inuwa

A tashar motar Wudil, zamanin da kuɗin fetur ya cika gari, wani mutum ya girke baƙar tukunyar ƙarfe mai wayoyi a tsakar rana yana talla. Wani matafiyi mai jiran motar Gaya ya tsaya a kansa.

"Malam, me take yi?"

"Ruwan sanyi take mayarwa na zafi, Alhaji. Ba itace, ba kananzir. Dubi ma'aunin zafin nan, ya hau."

"Na ga ya hau. Ka taɓa tsoma shi a wani ruwan, ka ga ko gaskiya yake faɗa?"

"Daga Ingila aka kawo shi."

"Ni ko hatsi zan saya, sai na gwada kwanon awon da nawa. Samo wata baƙar tukunya mara wayoyi, mu zuba musu ruwa ɗaya, mu ajiye su a rana tare, mu auna."

"Ba zan yi ba. Gonar gadonmu ta Lajawa na sayar na haɗa ta. Ba mai jiran mota ne zai yi mini jarrabawa ba."

"To, mu kai ta ƙarƙashin rumfar can."

"Ba ta aiki a inuwa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni na gwada, ni kaɗai a ɗaki," in ji mai tukunyar, ya gyara tsayuwa a gabanta. "Kuma ba zan ƙara ba. In ta tashi tukunya kawai, Alhaji, kai za ka je ka gaya wa ƙannena?"