Jar Rigar Sanyi a Tashar Arlit

A Arlit, a tashar motocin zuwa Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya a cikin hamada, wani dattijo ya tare matafiyi mai ƙatuwar rigar sanyi.

"Malam, da wannan kaɗai za ka hau mota?"

"Ina ruwanka, Baba?"

"Sa riguna marasa nauyi uku. In rana ta yi ka rage, da asuba ka ƙara. Wannan za ta jiƙa ka da gumi, sanyi ya shiga ƙirjinka. Bara wani mai irinta sak, ja da ratsin fari, a hanya muka binne shi."

"Biyu muka saya a Maraɗi, ni da yayana Fatahu. Shekara guda ke nan ba mu ji muryarsa ba."

Dattijon ya sake duban rigar, ya janyo benci.

"Baba, mene ne sunan wanda kuka binne?"

"Zo ka zauna tukuna, ɗana."