Tukwanen Saratu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana. Ni ne Bulus na Sheda, manomin doya. Kun san ni da furfura, amma ba ku san abin da na yi wa matata Saratu ba sa'ad da gashina ke baƙi.

Saratu maginiyar tukwane ce. Har yau in na rufe ido ina ganinta tana saukowa daga tudu da sassafe, tulu uku a kafaɗa, hazo ya rufe ƙafafunta kamar ba ta taka ƙasa.

A garinmu kuwa tsofaffi suna cewa, in tukwanen mace suka dinga fashewa a wuta, to akwai zina a gidanta. Kuma macen ake tuhuma.

Shekara shida da aurenmu na fara bin wata mai burkutu a kasuwar Kwali. Ranar kasuwa in sayar da doya, in shige rumfarta. Ran Lahadi kuma ni ne a bencin gaba, ina waƙa da ƙarfi. Kaito!

Sai tukwanen Saratu suka fara fashewa. A gashin tukwane na fari, biyar suka fashe. Na biyu, kusan duka. Mata suka daina zuwa haƙar yumɓu tare da ita. A majami'a suka matsa, suka bar mata benci ita kaɗai. Uwata ta ce mini, "Bulus, ka tambayi matarka inda take zuwa."

Na san amsar. Har na tambaye ta, 'yan'uwa! Na dubi idonta na ce, "Wane ne?" Ta dube ni kawai, ta ci gaba da murɗa yumɓunta.

Daga nan na soma jin ƙara. Ina cikin gona da rana tsaka, sai in ji tas! kamar tukunya ta fashe a bayana. In waiwaya, babu kowa. Kunyoyin doya suka zama mini jerin tukwane, kowace na jiran ta tsage. Wata rana na ga hayaƙi bisa dutse, na ga Saratu a cikinsa tana tafiya, na kira ta, ba ta juyo ba. Ashe tana gida.

Na tafi asibitin mishan wurin Malam Yohanna, mai ba da magani. Ya haska kunnena ya ce, "Kunnenka lafiya lau, har ya fi nawa. Wanda ke ciki ne ba shi da lafiya. Ka dawo ran Alhamis."

"Allura za ka yi mini?"

"A'a, kujera zan ba ka."

Alhamis bakwai ina zuwa. Muna zama a gindin mangwaro, ba ya wa'azi, sai tambaya. Ni kuwa ina ta ba shi labarin damina da ɓeraye. A ta bakwai ya ce, "Bulus, in ƙarar ta zo, fuskar wa kake gani?" Sai na fashe da kuka. Muka durƙusa a kan busasshen ganye, na ce, "Yesu, ni ne! Ba ita ba ce, ni ne!" Iska ta tsaya. Rabona da jin shiru irin wannan shekara guda.

Na iske Saratu tana goge tulu da dutse. Na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga kai ba.

"Na sani, Maigida. Tun ranar da ka dawo da warin rumfar nan a rigarka."

"To tukwanen fa?"

"Ɗanye nake sa su a wuta. Wace maginiya ce ba ta san ɗanyar tukunya za ta fashe ba? Ba ni da bakin faɗa maka, sai na bar su su faɗa. Na ce in aka zage ni, mijina zai tashi. Shekara guda ina jira."

'Yan'uwa, babu iskoki a tukwanen nan. Mace ce ta ƙona aikin hannunta da sunanta, ko zan tsaya mata. Ban tsaya ba.

Ran Lahadi na miƙe gaban ikilisiya na faɗi gaskiya. Dattawa suka sa ni a bencin baya wata shida. Sati na uku, Saratu ta taso ta zauna kusa da ni. Ta miƙo mini rabin littafin waƙa.

Shekara huɗu ke nan da Ubangiji ya kira ta. Randar da ta gasa bayan Lahadin nan tana ɗakina, ko tsaga babu, ruwanta sanyi ƙalau.

Na gode wa Yesu da ya gafarta mini, ya ba ni shekara goma sha tara tare da ita bayan haka. In akwai wanda wani ke ɗauke da kunyarsa a yau, kada ya kai shekara kamar ni. Ka tashi ka faɗa. Ubangiji zai riƙe ka. Amin.